Kaset ɗin da Na Ce Maka Yana Nan

Zuwa ga aminina Hamidu Tela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kake, kuma ko da kana raye ba ka yi lakwal ba, wato makarantar boko, ni ne mai karanta maka wasiƙunka. Amma akwai maganar da bakina ya kasa faɗa maka shekara arba'in da 'yan kai. Bari in gwada ko hannu zai iya.

An yi maka sadakar arba'in makon jiya. Ban je ba. Na aika cewa ƙafa ce ta hana ni haye gada zuwa unguwarku Harobanda. Ƙafar tana ciwo, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta hana ni ba, za ka ji dalili.

Shagonka na Wadata wani mai sayar da kayan waya ya shige shi. Ya shafe bangon da shuɗin fenti, har wurin ƙusar da kake rataye jitarka. Kekenka na ɗinki 'yarka Ramatu ta kai gida, ta ce ba za a sayar ba. Sumana mai ganga yana nan, idanunsa sun tafi amma bakinsa bai rage komai ba. Cikin mu biyar da muka yi orkes, ƙungiyar kiɗanmu, ni da shi kaɗai muka saura. Ni kuwa ka san yadda nake tun rasuwar matata Mariama. Yaran suna kira ran Juma'a, ɗaya daga Maradi, ɗaya daga Kwatano. Sauran kwanakin ni da itacen dogon yaron tsakar gida ne. Wani lokaci sai in yi yini guda ban ji muryata ba sai a salla.

Shekaranjiya da hantsi Ramatu ta zo nan Bukoki. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye mini kwanon dambu. Idanunka ne a fuskarta, Hamidu, har yadda take karkata kai idan tana saurare. Ta fito da wayarta ta nuna mini wani jeri da masana kiɗa na ƙasashen waje suka yi, wai solo mafiya kyau da aka taɓa kaɗawa da jita a duniya. Ta kunna mini uku ko huɗu. Na gane biyu tun kafin su yi nisa, don a kansu muka koya. Sannan ta ajiye wayar ta ce, “Baba Isufu, Baba ya ce nasa yana wurinka. Ya ce duk abin da ya kaɗa a duniya iska ta kwashe, sai guda ɗaya, yana cikin kaset a akwatinka.” Tana so ta kai shi Wadata a juye mata cikin waya, don 'ya'yanta su ji kakansu. Ba su taɓa ganin ka da jita ba, da sanda suka san ka.

Ka san me na ce mata? Na ce ta dawo ran Juma'a bayan masallaci, sai na nemo. Irin amsar da na saba ba ka ita na ba 'yarka. Harshena bai ko yi tuntuɓe ba.

Ka tuna yadda abin ya fara? Kai da gwangwanin mai da wayar birkin keke ka yi jitarka ta farko. Kawunka direban babbar mota ya dawo daga bakin teku da garmaho da faya-fayai, na samarin Amurka da na Ingila masu gashi har kafaɗa. Rok ake ce wa kiɗan. Ni ɗan lakwal, ni nake karanta abin da ke bayan kwalin, in fassara abin da na gane, in ƙirƙiro wanda ban gane ba. Kai kuwa kunne kawai ka kafa. Idan aka zo wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar jita tana magana ita kaɗai, wurin da muke kira solo, sai ka ɗaga mana hannu kada wanda ya yi tari.

Kai ka gano dabarar nan ta sa ƙaramin faifai ya juya da saurin babba, wato a hankali. Muryar mawaƙin ta koma kamar ta sa, muna ta dariya, amma kai kana tsintar sautin jitar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wata guda ka yi a kan faifai ɗaya har allura ta cinye shi. Ka ce mana wannan kiɗa ba baƙo ba ne, daga nan aka tafi da shi cikin jirgin ruwa, can ya sha wahala, ya sha wutar lantarki, ya dawo gida da ƙarfi. Na ce maka ba haka aka rubuta a kwali ba. Ka ce kwali bai taɓa jin molo ba.

Daga baya muka ga komai ya wuce ta gabanmu. Jitar lantarki ta farko da ka saya hannun wani Nasara mai komawa ƙasarsu. Ampilin ƙara sauti da muke haɗawa da batirin mota. Lasifikar da ta yage, muka so gyarawa ka hana, ka ce wannan gurnanin shi mutanen faifai ke nema da gangan. Faifai ya tafi, kaset ya zo. Samarin arewa masu rawani suka sauko Yamai da irin tasu jitar, ga shi yau har ƙasashen Turai ake kiran su. Kaset ma ya tafi, komai ya shige waya. Duk wannan zamani ka ratsa shi da jita a hannu da almakashi a aljihu. Ni tun a tsakiyar hanya na sauka.

Ranar da nake nufi Lahadi ce, bayan azahar, a tsakar gidan su Sumana. Mun aro manyeto, rediyon nan mai ɗaukar murya, muka ɗora shi kan turmi a kife, muka sa sabon kaset. Ni ke kaɗa jitar rakiya, ni ke riƙe maka ƙasa kai kana yawo a sama. Waƙa huɗu muka yi lafiya. A ta biyar, daidai inda za a juya, na riga kowa komawa farko. Da na ji na ɓata, maimakon in lallaɓa in dawo, sai hannuna ya tsaya cik. Sumana ya yi tangal-tangal da ganga. Kiɗan ya buɗe rami, kowa ya ji.

Cikin ramin nan ka shiga. Sauti ɗaya ka kama, ka ja tsirkiya sama har ta yi kuka irin na goge, ka riƙe shi, ka riƙe shi, har na ga jijiyar wuyanka. Sannan ka gangaro a guje kamar kekenka idan sallah ta matso, ka tsaya, ka ɗauko wani ɗan kiɗan molo da ka ce kakarka ke yi da baki idan tana daka, ka cusa shi cikin gurnanin yagaggiyar lasifikar nan. Matan gidan suka bar wanki. Wani mai kura da ke wucewa da itace ya tsaya a bakin zaure. Ba na Amurka ba ne, ba na Ingila ba. Ban taɓa jin irinsa a faifai ba, kuma ban ji ba a cikin jerin da Ramatu ta kunna mini. Kai da kanka ka yi ta neman sa daga baya, ka ce ya ƙi dawowa.

Ana gama waƙar na jingine jitata na fita waje. Kunya ta ishe ni. Ina tsaye a ƙofar gida ina jin dariyar Sumana.

Da na dawo, ka cire kaset ɗin, ka zaro almakashi, ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na bayansa. Ka ce yanzu ko mahaukaci ya danna jan maɓalli ba zai shafe ba. Ka miƙo mini ka ce in rubuta suna da rubutuna mai kyau na malamin lakwal, in kuma ajiye a wurina, don ni ke da akwatin ƙarfe, gidanku kuwa kusa da kogi yake.

Wata da watanni duk inda aka zauna shan shayi sai a ce Mushe ya kawo kaset. Haka kuke kira na tun da na fara koyarwa, yadda 'yan lakwal ke kiran malami da Faransanci. Ba a sauraron waƙa huɗun farko, kai tsaye ake zuwa ta biyar. Kuma ba a isa solonka sai an bi ta kan kuskurena. Sumana ya ɗaga yatsa ya ce, “Ku yi shiru, ga inda Mushe ya faɗa rijiya!” A kwashe da dariya, sannan ka tashi sama, kowa ya yi tsit. Solo na ƙarewa a mayar baya, in sake faɗawa rijiya. Sau goma a zama ɗaya. Ina dariya tare da ku. Ni da na yi lakwal, ni da nake karanta kwali, ni ne abin dariya, tela kuma shi ne gwani. Ka ga irin zuciyar da abokinka ke ɗauke da ita? Ka taɓa zato?

Shekarar da na nemi auren Mariama na bar kiɗa. Na ce maka mahaifinta malami ne, ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Ba ka yi fushi ba, kai ka ɗinka mini rigar ango. Da azumi ya zo, surukina ya ce in ɗaukar masa tafsirin da ake sawa a rediyo da yamma, don lokacin yana karantarwa.

Hamidu, a kan kaset ɗinka na ɗauka.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina wai ba ni da wani kaset ne, wai sauri nake, wai ai maganar Allah ta fi kiɗa. Ƙarya ne. Akwai sababbi biyu a cikin akwatin, ko ledarsu ban ɓare ba. Kuma ba kuskure ba ne, don kai ka toshe hanyar kuskure da almakashinka. Sai da na nemo sikoci, ledar liƙi nan mai danƙo, na yanka gutsure biyu, na liƙe ramukan kunnuwan da ka ɓalle, na shafa da babban yatsa don ya kama sosai. Sannan na danna jan maɓalli na zauna ina kallon kaset yana juyawa. Ba don Allah na yi ba. Na ɓuya ne a bayan maganarSa don in binne daƙiƙa uku na kunyata, na haɗa da abu mafi kyau da ka taɓa yi. Ko surukin nawa ban ba shi ba, na sake ɗaukar masa a wani kaset ɗin washegari. Wannan na mayar ƙasan akwati.

Da aka tambaya na ce manyeto na cin zare, gara a bar kaset ya huta. Sannu a hankali aka daina tambaya, sai kai. Kai ma ba matsa mini kake ba. Sai mun haɗu a suna ko jana'iza ka ce, “Mushe, amanata tana nan?” In ce tana nan. Ka ce madalla. Shekarar da kogi ya cika ya shiga gidajen Harobanda, ruwa ya tafi da jitarka da hotunanmu duka. Na zo jaje na same ka zaune kan bulo, kana murmushi. Ka ce wa matarka, ai kin ga amfanin aboki mai akwatin ƙarfe. Ina tsaye a wurin. Na gyaɗa kai. Wane irin mutum ne ke gyaɗa kai a wurin nan?

Bayan ciwon da ya shanye maka hannun hagu, sau ɗaya tak ka roƙe ni kai tsaye. Zuwana na ƙarshe ne, kana kwance a rumfa, Ramatu na yi maka fifita. Ka ce in kawo shi ka ji sau ɗaya, don ka fara mantawa da yadda ya gangaro. Ka ɗaga hannun da ya mutu da mai rai kana kallon yatsun. Na ce rediyona ya lalace, sai mako mai zuwa. Ka ce babu komai, Mushe, ba gudu zai yi ba. Kwana tara bayan haka aka kira ni.

A maƙabarta can baya na tsaya. Mutane suna cewa ga amininsa, a ba shi hanya ya zuba ƙasa. Na ce jiri nake ji.

Ka sani, ko ba ka sani ba? Wannan ita ce tambayar da ke hana ni cin abinci. Wani lokaci in ce ka gane tuntuni, kana tambaya ne don ka ba ni ƙofar faɗin gaskiya. Wani lokaci in ce a'a, ka yarda da ni ne kawai har ƙarshe. Ban san wanne ya fi zafi ba.

Bayan tafiyar Ramatu na yi ta shirya ƙarya. In ce zafi ya narkar da zaren. In ce gara ta shiga akwati. In ce yara sun ɗauka tun suna ƙanana. Kowacce za ta karɓa, yarinya ce mai kunya, ba za ta tuhumi abokin ubanta ba. Za ta ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ta ɗauki kwanonta ta tafi. Kuma babu mai rai da zai ƙaryata ni.

Jiya da safe na buɗe akwatin. Yana nan a ƙasa, cikin tsohon kallabin Mariama, da rubutuna a jiki, da sikocin ya koma ruwan ƙasa. Na hau taksi zuwa Wadata da tsohon rediyona, wani mai gyara ya sa masa sabuwar roba. Ban bi ta layin shagonka ba. Na dawo na zauna ƙarƙashin dogon yaro na kunna. Tun ranar da na yi abin ban taɓa saurare ba.

Malamin ya yi tafsirinsa, Allah Ya ji ƙansa, shi ma ya daɗe da rasuwa. Na saurare shi duka, ban tsallake ba. Ya yi addu'a ya rufe. Sai na ji ƙarar maɓalli, wato inda na tsayar da ɗauka. Ashe shirin ya ƙare kafin zaren ya ƙare. Na mance da haka, ko kuwa ban taɓa lura ba.

Solon babu shi, kada ka sa rai. Ya tafi duka. Abin da ya rage shi ne wutsiyar waƙar, bugu biyu na gangar Sumana, da sautinka na ƙarshe yana mutuwa a hankali cikin lasifika. Sai ƙarar jitata da na jingine da bango. Sai dariyar Sumana, yana cewa Mushe ya gudu. Sannan muryarka, Hamidu, muryarka ta saurayi, kusa da manyeto, kana haki. Ka ce, “Kai Sumana, bar Mushe. Shi ya buɗe mini ƙofa, da bai tsaya ba ta ina zan shiga? Je ka kira shi, shayi zai huce.”

Sai zaren ya ƙare.

Ina waje lokacin da ka faɗa, ban ji ba. A wurin shan shayi kuma ba a taɓa barin kaset ya kai nan ba, kullum baya ake mayarwa. Shekara arba'in da 'yan kai maganar nan tana kwance a ɗakina, taku uku daga gadona. Abin da na shafe don kada a ji, kai godiya ka yi masa. Na zauna har inuwa ta bar ni, rana na dukan ƙafafuna.

Ba zan ce ka yafe mini ba, don na bar lokacin da za ka iya amsawa ya wuce. Wannan yana wurin Allah yanzu, kuma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Zan zo in same ka da shi, ba da daɗewa ba in na dubi yadda jikin yake.

Amma ga abin da zan yi gobe Juma'a. Na aika a ɗauko Sumana a kabu-kabu, don ina so a yi a gaban wanda ya san ranar. Idan Ramatu ta zauna zan gaya mata duka, da sababbin kaset biyu, da sikoci, da abin da na ce maka a rumfa. Ba zan sa zafi ko gara a ciki ba. In ta tashi ta fita ba ta sake gaishe ni ba, ta yi daidai. Sumana kuma zai faɗi abin da zai faɗa, kuma wannan karon ba dariya zai yi ba.

In ta tsaya, zan ba ta kaset ɗin ta juye muryarka. Sannan in ce ta kunna wayarta ta ajiye a gabana. Solon nan babu shi a zare, amma ni na ji shi fiye da kowa, don ni kaɗai nake jin sa da ciwo. Ban manta ko sauti ɗaya ba, har inda ka ce ka mance yadda ya gangaro. Yatsuna ba za su iya ba, ko da can ba su iya ba. Da baki zan yi shi, kamar yadda kakarka ke yi a bakin turmi, Sumana ya buga mini a bayan kwano. Muryar tsoho ce marar haƙora, jikokinka za su yi dariya. Su yi. Kuma daga kuskurena zan fara, in tsaya cik inda na tsaya, in bar ramin a buɗe yadda yake, sannan in shigo da kai.

Sikocin na ɓare shi da safen nan. Da ƙyar ya fita, sai da na sa farce. Ramukan da ka yi da almakashinka suna nan yadda ka bar su.

Ka huta lafiya, Hamidu. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu inda ba a jin kunya.

Naka,
Isufu, wanda kake kira Mushe,
mai jitar rakiya.
Bukoki, Yamai, ranar Alhamis.